AMSOSHIN WASIƘUNKU: Na Bar Jama'armu, Shin Addini Na Bari Ke Nan?

 Kamar yadda muka saba, ga jakar wasiƙu nan a gabana maƙil, akwai na gaisuwa, akwai na ƙorafin tsadar taki, akwai mai tambayar ranar da za a gyara masu gada. To amma yau ina neman gafararku, wasiƙa ɗaya tak zan ɗauka, domin tun ranar da ta zo hannuna ban sami sukuni ba. Wani direba da ke jigila tsakanin Rano da Kano ne ya kawo ta, falle huɗu na littafin makaranta, an rubuta gaba da baya. Mai ita mutumin ƙasar Kibiya ne, ya ce shekarunsa 34, ya kuma haɗa ni da Allah kada in faɗi sunansa ko na ƙauyensu. To Malam, na ji, na kuwa sakaya. Sunan jama'ar da ka ambata ma ba zan faɗa ba, don ban ji ta bakinsu ba, kuma ba shari'a muka zauna yi ba.

Ga taƙaitaccen abin da ya ce. Yana saurayi ya zo ci-rani Kano, yana tura ruwa a kura, sai wasu samari suka ja shi wajen karatun wani malami. Can ya gyara Fatiharsa, ya daina shan taba, ya koyi tashin asuba ba sai an tashe shi ba. Sannu a hankali aka nuna masa cewa su kaɗai ne a kan hanya, duk wanda ba ya tare da su ba a bin sa salla, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Da ya koma gida ya daina bin limamin garinsu, ya daina cin naman da mahaifinsa ya yanka ran Salla. Mahaifiyarsa ta rasu, aka fito da ita, shi kuwa ya koma gefe ya tsaya a gindin wata bishiya har aka idar da sallar jana'iza, saboda a ganinsa limamin bai cancanta ba. Tun daga ranar mahaifinsa bai sake yi masa magana ba, yau shekara shida. Ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi a cikinsu. Abin da ya fitar da shi kuwa, wata rana ya yi wa malamin tambaya a kan wani hukunci da ya ga ya saɓa wa abin da malamin ya faɗa bara, sai aka ce zuciyarsa ta kamu da cuta, aka hana kowa amsa sallamarsa kwana arba'in. Kafin kwanakin su cika ya tattara ya fita.

Yanzu wata takwas ke nan. Ya ce salla ba ta yi masa daɗi kamar da, in ya ji wa'azin kowane malami sai ya ji kamar yaudararsa za a sake yi, matarsa kuma 'yar cikin jama'ar ce, danginta na cewa aurensu ya mutu tun da ya yi ridda. Ƙarshen takardar ga abin da ya rubuta: «Malam, ka gaya mani gaskiya don Allah, jama'a na bari ko addini na bari?»

To ɗan'uwa, kafin komai ka sani ni ba malamin fatawa ba ne. Takardar koyarwa gare ni, na yi shekaru ina riƙe da alli a wata firamare a ƙasar Rano kafin Allah Ya kawo ni bakin wannan makirfo. Saboda haka ban amsa maka da ka ba, sai da na zaga na zauna da malamai uku waɗanda ba ɗarika ɗaya ko ƙungiya ɗaya suke ba, na karanta masu takardarka. A kan tambayarka ta ƙarshe bakinsu ya zo ɗaya, ko musu babu. Musulunci da kalmar shahada ake shigarsa, babu katin ƙungiya ko mubaya'ar wani malami a cikin sharuɗɗansa. Mutumin da ke salla yana azumi yana shaidawa babu abin bauta sai Allah, barin majalisin wani malami ba ya fitar da shi daga addini. Aurenka kuma yana nan daram, barin ƙungiya ba saki ba ne. In dangin matarka suka matsa, kada ka yi cacar baki da su, ka nemi manya su shiga tsakani, in ya faskara akwai alkali. In kuwa har aka kai ga yi maka barazana, ka sanar da mai unguwa da dagaci tun da wuri, wannan ba tsoro ba ne.

Ita kuma maiɗakinka, don Allah kada ka tsare ta da cewa sai ta fita yau kamar yadda ka fita. Kai shekara nawa ka ɗauka kana juya abin a ranka kafin ka iya? Ita iyayenta ne a ciki da 'yan'uwanta da ƙawayenta. Abin da za ta duba shi ne halinka, ko ka ƙara sauƙin kai da kyautatawa tun da ka fito, ko kuwa ka zama mai faɗa da zage-zage. Da wannan za ta auna maganar da ake gaya mata a kanka.

Sai maganar sallar da ka ce ta daina yi maka daɗi. A nan nake so in ɗan daɗe, domin na lura ita ta fi ba ka tsoro, sau uku ka maimaita ta. Kai ɗan manoma ne, kuma ƙasarku ba ta da nisa da inda ake noman rani da ruwan Tiga a wajen Bunkure da Kadawa. Ka sha ganin dashen tumatir. Ranar da aka cire shi daga bedi aka kai shi gona, kafin la'asar ya yi laushi ya kwanta, wanda bai sani ba sai ya ce ya mutu. Manomi kuwa ba ya tuge shi, ruwa yake ci gaba da ba shi safe da yamma, don ya san saiwa ce ke neman ƙasa. Shekara goma sha ɗaya kana salla kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka san sunanka, in ka makara a tambaye ka, in ka yi rashin lafiya a zo duba ka. Wani ɓangare na daɗin da kake ji daɗin ibada ne, wani ɓangaren kuwa ɗumin jama'a ne, har da daɗin da rai ke ji in an gaya masa shi zaɓaɓɓe ne, sauran mutane ɓatattu. Yanzu an zare waɗannan biyun, an bar ka kai da Ubangijinka. Dole ka ji sanyi.

Kuma ba kanka farau ba. Malamai suna kawo labarin wani sahabi mai suna Hanzala, wanda ya fito yana kuka da kansa cewa ya zama munafuki, don in yana gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuciyarsa takan cika, in ya koma cikin iyali da gona sai abin ya ragu. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, ba a ce masu sun halaka ba, aka nuna masu haka zuciyar ɗan Adam take, tana hawa tana sauka. Ga kuma Imamu Gazali, mai littafin Ihya'u da ake karantawa a zaurukanmu. A shekarar 1095 yana shugaban malamai a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen ɗari uku a gabansa, sai shakka ta kama shi a kan niyyarsa, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ma ya gagare shi. Ya bar kujerar ya tafi Sham da Ƙudus da Makka, ya yi kusan shekara goma a keɓe kafin ya koma koyarwa. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. In mutum irin wannan ya yi shekaru yana neman saiwarsa, kai wata takwas ne fa kawai. Ka riƙe farillanka a kan lokaci ko da daɗi ko babu, ka ƙara da karatun Alƙur'ani ko shafi ɗaya ne a rana, ka bar sauran ga Mai shi.

Yanzu bari in juya ga abin da ba ka tambaya ba, amma na hango shi a tsakanin layukan takardarka. A shafi na uku ka kira tsofaffin abokanka da sunaye masu zafi, har ka ce dukansu 'yan wuta ne. Malam, tsaya. Wannan ai ita ce rigar da ka ce ka tuɓe, juya ta kawai ka yi ka mai da cikinta waje. Jiya kana cikinsu kana yanke wa na waje hukunci, yau kana waje kana yanke wa na ciki. Na ga irin haka da yawa a wannan aiki. Mutum ya fito daga gida mai tsanani, bai kwana biyu ba ya faɗa wani gidan da ya fi shi, don ransa ya saba da a riƙa gaya masa wane ne nasu wane ne ba nasu ba. Wani kuma ya fito ya watsar da komai, sallar ma ya bari, ya ce duk malamai ɗaya ne. Su waɗannan mutane da ka baro, su ne fa suka gyara maka Fatiha suka raba ka da taba, kai da kanka ka faɗa. Ka riƙe wannan alheri ka gode masu a kai, ka ajiye masu abin da ka gane kuskure ne.

Kuma muna da abin koyi a gida, ba sai mun haye teku ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a Sakkwato a 1817, yana da babban malami, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi zama a Agadas. Malam Jibrilu mutum ne mai zafin kishin addini, har ya tafi a kan cewa masu aikata wasu manyan zunubai sun kafirta. Shehu ya ce a'a, wannan ba ita ce hanyar Ahlus Sunna ba, mai saɓo mai saɓo ne amma Musulmi ne. Ya rubuta haka ƙarara a littafinsa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya. Duk da haka har ya koma ga Allah bai daina girmama malamin nan ba, bai daina faɗin cewa a hannunsa ya sami alheri mai yawa ba. Bugu da ƙari, a zamanin akwai wasu ɗalibai da ke bi ƙauye-ƙauye suna tsare talakawa da tambayoyin tauhidi masu wuya, wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne, kada a ci yankansa kada a ba shi aure. Ka ji fa, kalma da kalma abin da aka koya maka. Shehu ya tsaya tsayin daka ya yi ta rubuce-rubuce yana yi masu raddi, yana kare imanin manomi da makiyayi da tsohuwar da ba ta san hujjojin malamai ba amma ta san Allah ɗaya ne. Watau wannan cuta ta girmi kakanninmu, maganinta kuma a rubuce yake tun fiye da shekara 200.

Inda abin yake kaiwa in ba a tare shi ba, mutanen Kano sun gani da idonsu. Ni ina goye aka yi, mahaifiyata ce ke ba ni labarin yadda mutane suka riƙa kwararowa ƙauyuka da ƙullin kaya a ka. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya tara almajirai a unguwar 'Yan Awaki, da yawansu samari ne daga karkara da suka zo ci-rani kamar yadda ka zo. Yana tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo, ka ga da ni da ku masu saurarona duk mun shiga ciki ke nan. A watan Disamba na 1980 rikici ya ɓarke, 'yan sanda suka kasa, sai da soja suka shigo. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Wutar kuma ba ta mutu nan ba, ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Ban ce jama'ar da ka baro irin waɗannan ba ne, Allah Ya kiyaye, a takardarka ban ga maganar makami ba. Abin da nake nuna maka shi ne tun kafin a zare wuƙa, da raba sahu aka fara, da hana tambaya, da raba yaro da iyayensa.

To ka ce yanzu wa za ka bi, tun da kowane malami ka ji sai gabanka ya faɗi? Bari in ba ka labarin wautata, ka yi dariya. Ina sabon malamin makaranta, na karanta 'yan littattafai biyu uku, kaina ya yi girma. A masallacin ƙauyen da nake koyarwa akwai wani dattijo mai saƙar tabarma, kullum in ya tayar da salla sai ya saki hannuwansa. Wata rana bayan la'asar na tare shi a gaban mutane na ce Baba, wannan sallar taka babu ita a sunna. Bai ce mani kanzil ba. Washegari ya aiko jikansa ya kira ni zaurensa, ya sa aka kawo mani fura, sa'an nan ya jawo gafaka. Ya buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya nuna mani hadisin ɗora dama a kan hagu, ya ce ga hujjarka, ko ka san a nan take? Wallahi ban sani ba. Sa'an nan ya kawo mani abin da Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga shi Imamu Malik ɗin a Mudawwana game da sakin hannu a sallar farilla, ya ce ga tawa. Ya ce malam ƙarami, ni da kai duk a gidan mutum ɗaya muka ci tuwo, sha furarka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa yin karatu mai amfaninsa ba.

Wannan magana ta ƙabalu da sadalu, ku tambayi dattawa, a shekarun 1950 da 1960 ta raba masallatai ta raba zumunta a ƙasar Hausa, wani wuri har da doke-doke. Yau fa? Shiga masallacin Juma'a na Rano ko na Kibiya ka duba sahu, wannan ya kama wannan ya saki, an sallame an gaisa kowa ya kama gabansa. Abin da aka fasa kai a kansa jiya, yau ko kallo bai ishi kowa ba. Shi Imamu Malik ɗin ma, malaman tarihi sun kawo cewa halifan zamaninsa ya so ya tilasta wa dukan garuruwan Musulmi bin Muwaɗɗa ita kaɗai, ya ce kada a yi, domin sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilmin da ya isa gare su. Mai littafin ke nan da kansa.

Saboda haka shawarata, kada ka yi saurin neman sabuwar inuwa. Ka koma farko kamar yaro. Nemi malamin zaure a garinku wanda aka san shi da natsuwa, wanda bai damu da yawan mabiya ba, ka ɗauki Ahalari ka sake shi daga bango, ka wuce Ishmawi da Iziyya da Risala. Za ka ji nauyi, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi wa wasu wa'azi ya durƙusa da Ahalari, amma wannan nauyin shi ma magani ne. In kana iya karatun boko, kuma rubutunka ya nuna kana iyawa, nemi tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, ka nemi ta Sheikh Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ka ajiye su a kanta ɗaya. Kowa ya san waɗannan bayin Allah biyu sun yi saɓani mai tsawo a kan al'amarin ɗarika, amma kowannensu ya ƙarar da rayuwarsa yana hidimar littafi ɗaya. Karanta aya a nan ka karanta ta a can. Inda suka haɗu, kuma za ka tarar ya fi yawa nesa ba kusa ba, ka riƙe da hannu biyu. Inda suka rabu ka rubuta tambaya ka kai wa malaminka. In ya amsa maka da littafi, ko ya ce bai sani ba sai ya duba, zauna da shi. In ya ɓata rai don ka tambaya, ko ya fara gaya maka kada ka saurari kowa sai shi, ko ya ce ka nisanci iyayenka, ai ka riga ka san wannan hanyar da inda take ɓullewa. Wa'azin waya kuma, na WhatsApp da TikTok, wanda ake yanko minti ɗaya na zagi a watsa, ka ɗan huta da shi tukuna. Mai jinyar gyambo ba ya shiga kasuwar gishiri.

Kada kuma wani ya ji ni ya ce mai shirin nan ya ce komai daidai ne, kowa ya yi abin da ya ga dama. Ban faɗa ba. Buɗe taga daban, cire ƙyaure daban. Akwai abin da Musulmi ba su taɓa saɓani a kansa ba, kaɗaita Allah, da salla biyar, da haramcin jinin mutane da dukiyarsu, waɗannan ba a ciniki a kansu. Abin da nake cewa shi ne mutum ya san iyakar saninsa. A tarihin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya san in aka tsamo zane daga cikin baba kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska launin yake kama shi. Kai an tsoma ka shekara goma sha ɗaya ba a bari ka sha iska ba. Zauna da ɗan ɗarika ka ji dalilinsa daga bakinsa, zauna da ɗan Izala ka ji nasa, ba abin da abokin hamayyarsa ya ce ya ce ba. Maƙwabcinka Kirista ko Bamaguje, waɗanda kudancin Kano bai taɓa rasa su ba, gaishe shi, ka yi masa barka ka yi masa jaje, ka cika masa mudu in ya zo awo. Ba abin da zai ragu a imaninka. Akwai wani baƙar fatar Amurka, Malcolm X, wanda ya yi shekara goma sha biyu a wata ƙungiya da ta koya masa cewa duk farar fata shaiɗan ne. Ya bar ta a 1964 ya tafi aikin Hajji, ya ci abinci a akushi ɗaya da Musulmi farare, ya dawo ya faɗa a bainar jama'a cewa ya yi kuskure. Shekara ba ta zagayo ba aka harbe shi, a Fabrairun 1965, amma ya riga ya faɗa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, watau mahaifinka. Malam, duk karatun da na lissafa maka zai iya jira, wannan ba zai jira ba, don ka ce ya haura saba'in. A cikin Suratu Luƙman Allah Ya yi umarni a zauna da iyaye da kyautatawa ko da su masu shirka ne suna jan ɗansu zuwa gare ta, balle uban da ya kai ka makarantar allo da hannunsa. Ka ce kana jin tsoron ya kore ka. Yana iya korarka, yana da hakki, mutumin da ya binne matarsa ɗansa na tsaye a gindin bishiya yana kallo. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka tafi da hujja. Ka fara zuwa wurin limamin nan da ka ƙi bi, ka nemi gafararsa, ka roƙe shi ya raka ka, ko shi ko wani baffanka da tsohon ke jin nauyinsa. In kun isa ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ka durƙusa, ka ce Baba na yi laifi, a yafe mani. Kada ka ƙara da cewa ai yaudarata aka yi, ko ai su wane ne suka sa ni. In ya kau da kai, tashi ka tafi, gobe ka dawo. In damina ce ka ɗauki fartanya ka shiga gonarsa ba tare da ka ce komai ba. In Salla ta zo, ka zauna a inda yake ganinka ka ci naman da ya yanka.

Mahaifiyarka kuwa, na san ita ce ke hana ka barci ko da ba ka faɗa ba, don wurin da ka rubuta labarinta biron ya huda takardar. Na tambayi malaman nan uku. Sun ce sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, waɗanda suka yi sun ɗauke wa kowa, ita ba ta rasa komai ba. Abin da ya rage tsakaninka da Allah ne, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Ka ziyarci kabarinta, ka yawaita yi mata addu'a, ka yi sadaka da niyyarta gwargwadon ƙarfinka, ka kuma sada zumunci da 'yan'uwanta da ƙawayenta da ke raye. Ɗayansu ya ce in gaya maka ka fara da ƙanwarta ko yayarta in akwai, ka kai mata ko goro ne.

Ku kuma jama'ar gari, musamman matasan majalisa, ina roƙonku. In irin wannan bawan Allah ya dawo sahu, kada a bi shi da «a'a, yau kuma mu kafirai ake bi salla?» Na san akwai ciwo, ya faɗa maku maganganu a baya. Amma in ya zo ya tarar da gori a nan, can kuma an rufe masa ƙofa, ina kuke so ya nufa? A matsa masa a sahu kawai, a ba shi hannu bayan sallama. Dattawa kuma a riƙa leƙa yaran da ke tafiya ci-rani, a san wurin wa suke karatu, tun kafin su dawo suna ware kwanonsu.

Malam mai wasiƙa, in ka je wurin tsohon, ko ya amsa ko bai amsa ba, ka sake rubuto mani ta hannun direban nan, ina jira. Masu wasiƙun taki da na gada ku yi haƙuri, da ku za mu fara mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.